Bashin Rana

Ku matso kusa, 'ya'yana, ku gyara zama a kan bencin nan. Mai dafa shayi ya rage gawayi, don maganar da nake son yi da ku ba ta gaggawa ba ce, kuma tsakaninmu da Magariba da sauran lokaci.

Kun tuna daren nan na watan Yuni, da muka fito daga sallar Isha'i, jikana da ke Hambog ta ƙasar Jamus ya kira ni a waya muna ganin juna? Ƙarfe takwas saura kwata a agogonmu, New Town ta yi duhu, masu shayi da masu tsire duk sun kunna fitilu. Shi kuwa ya juya wayar ya nuna mana taga, sai ga rana ja wur ba ta faɗi ba, alhali agogonsu ya doshi ƙarfe goma na dare. Na ji abin da ɗayanku ya faɗa. Cewa ya yi, "Kai, can ne duniya! Har rana ma an fi ba su." Kuka kwashe da dariya, ni ma na murmusa, amma na ajiye maganar a aljihu.

To, yau da hunturu ya shigo, yaron nan ya sake kira, kuma wasunku suna nan. Ƙarfe uku da 'yan mintuna, ko La'asar ba mu kira ba, shi kuwa rana ta riga ta faɗi masa, yana shirin Magariba, ya naɗe wuya da mayafi kamar mai mura. Ya ce mini, "Kaka, cikin duhu nake fita aiki, cikin duhu nake dawowa." Ban ji wanda ya ce can ne duniya ba. Shi ya sa na ce yau zan ciro waccan maganar daga aljihu.

Mu da muka tashi a Accra, wadda iyayenmu ke kira Ankara, mun saba da rana mai alkawari. Ta fito wajen ƙarfe shida, ta faɗi wajen ƙarfe shida, ko da damina ko da hunturu. Har mutum ya ɗauka haka abin yake a ko'ina, kuma haka yake ba ya motsi. Duka biyun kuskure ne. Yininmu mafi tsawo, wajen 21 ga Yuni, awa 12 ne da minti 27. Mafi gajarta, wajen 21 ga Disamba, awa 11 da minti 48. Tsakaninsu bai cika minti 40 ba, wato tafiyar motar tiro-tiro daga Nima zuwa Makola in hanya ta ɗan cushe. Shi ke nan abin da shekara guda take ƙara mana ko ta rage.

Ka hau arewa zuwa Kano, sai ratar ta buɗe: dogon yini awa 12 da minti 50, gajere awa 11 da minti 25. A Makka dogon ya kusa awa 13 da rabi, gajeren bai cika 11 ba. 'Yan'uwanmu da ke Buronkis a birnin Niyok suna ganin awa 15 a Yuni, awa 9 da kwata a Disamba. Landan, awa 16 da rabi da ɗoriya, sannan ta sauko ƙasa da awa 8. Hambog ɗin jikana, awa 17 a Yuni, awa 7 da rabi a Disamba. Can ƙuryar arewa kuwa, a garin Turomso na ƙasar Norwe, rana takan yi kusan wata biyu ba ta faɗi ba, daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli, sannan daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu ba ta leƙowa sam.

Yanzu wanda ya iya lissafi a cikinku ya haɗa mini dogon yini da gajeren yini na kowane gari. Na Accra, awa 24 da kwata. Na Kano, awa 24 da kwata. Na Hambog, awa 24 da rabi. Kun gani? Abin da aka ba Bajamushe a Yuni, bashi ne, a Disamba yake biya. Idan shekara ta zagayo aka tattara, kowane gari a bayan ƙasa kusan rabin shekararsa haske ne, rabi duhu, sai ɗan bambancin da bai taka kara ya karya ba. Mudun ɗaya ne. Wasu ana auna musu a tile lokaci guda sannan a tsuke, mu kuwa kullum ana ba mu awon yini, kamar mai zubin adashi.

Me ya kawo haka? Miƙo mini lemon can, da tsinken tsire guda. Na soke lemon nan daga sama har ƙasa. Wannan ita ce duniya, fitilar mai shayi kuma ita ce rana. In na murza tsinken, lemon ya juya, gefen da ya fuskanci fitila yana cikin yini, na baya yana cikin dare. Juyi ɗaya, kwana ɗaya. Da a ce tsinken nan a tsaye yake cak, da kowa a duniya awa 12 zai riƙa samu har abada. Amma Mai halitta bai tsayar da shi cak ba, ya ɗan kishingiɗar da shi, gwargwadon digiri 23 da rabi. Kuma a haka, a kishingiɗe yana kallon waje ɗaya, lemon yake kewaya fitila sau ɗaya a shekara.

Ku duba. In na tsaya a wannan gefen, kan lemon ya rusuna wa fitila. Haske ya mamaye samansa, har kewayen tsinken ba ya shiga duhu ko na murza sau nawa. Wannan shi ne Yuni. In na zagaya ɗaya gefen, kan ya kauce, gindin ne ya samu haske. Wannan Disamba ke nan, lokacin da mutanen Afirka ta Kudu ke cikin dogon yini da zafi, Turawa kuma suna rawar ɗari. Sau biyu a shekara, wajen 20 ga Maris da 23 ga Satumba, ba kai ba gindi, hasken ya raba daidai, dare da yini su yi kunnen doki kusan a ko'ina. To mu ina muke a jikin lemon? Ga mu nan dab da ɗamararsa, layin da 'yan boko ke kira Ikwaita, digiri 5 da rabi kawai muka ɗara shi ta arewa. Wanda ke zaune a tsakiyar kwale-kwale ba ya jin tangaɗi kamar na baki-baki.

Kada wani ya ce muku wai kusantar rana ce ke kawo dogon yini da zafi. A farkon Janairu ne duniya ta fi kusa da rana, kilomita miliyan 147, a farkon Yuli kuma ta fi nisa, miliyan 152. Ga shi a Janairun ne jikana ke fama da ƙanƙara. Kishingiɗar nan ce sila.

Ni ba a aji na fara sanin wannan ba, a jikin bango na gan shi. Muna yara, lokacin ana kiran unguwar nan Lagos Town, malaminmu na makarantar allo, Allah ya jiƙansa, ba ya ɗaura agogo. In hantsi ya wuce sai ya aiki ɗayanmu tsakar gida ya ce, "Je ka auno mini inuwarka." Ka tsaya a rana, ka lura da inda inuwar kanka ta tsaya, sannan ka taka ta, dunduniya a bakin yatsa. Tsawon mutum ƙafa bakwai ne da ƙafarsa. Da hunturu, inuwar tsakar rana takan kusa ƙafa huɗu, tana nuna arewa. Daga nan ta riƙa tsukewa, har wajen farkon Afrilu ta shige ƙarƙashin tafin ƙafarka, ka neme ta ka rasa. Sai kuma ta ɓullo ta kudu, ta yi ƙafa biyu da ɗan wani abu a Yuni, ta sake komowa, ta ɓace wajen farkon mako na biyu na Satumba, ta koma arewa. Wannan ragowar inuwar ita ce malamai ke kira inuwar zawali. In ta fara ƙaruwa ta gabas, Azahar ta shiga. In inuwarka ta kai ƙafa bakwai a kan wancan ragowar, La'asar ta yi. Wanda bai san inuwar watan da yake ciki ba, lissafinsa ya ɓaci tun daga tushe.

Mafitar rana ma haka. Wanda ɗakinsa ke kallon gabas a Mamobi ko Kotobabi ya lura: a Yuni hasken safe ta kusurwar arewa yake shigowa, a Disamba ta kusurwar kudu. Matan da ke shanya sun fi ku sanin wannan, don su ne ke matsar da igiya in inuwar katanga ta ci wurin. Har alƙibla ana gyarawa da wannan tafiya ta rana. Ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 9:18 na safe agogonmu, da kuma 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 9:27, rana tana tsaye daidai saman Ka'aba. Duk wanda ya fuskance ta a wannan lokacin daga Accra, alƙibla ya fuskanta. Ba sai da waya ba, sanda guda a kafe ta isa.

Akwai wani abu da ke rikita ku duk shekara, bari in warware muku. Bara a watan Nuwamba na ji wasu samari suna gunaguni wai ladan ya yi gaggawar kiran Magariba, shida saura minti 20 har ya kira. Ladan bai yi laifi ba. Agogo ne ke tafiya da taki ɗaya, rana kuwa tana ɗan yin gaba tana ɗan yin baya, saboda kishingiɗar nan da kuma kasancewar hanyar da duniya ke bi ba da'ira ce cif ba. Mu a nan mun fi kowa damar ganin haka, don layin Girinwic da duniya ke saita agogo da shi ta Tema ya ratsa, nan kusa da mu. Duk da haka, a farkon Nuwamba rana takan raba tsaka tun sha biyu saura kwata, a tsakiyar Fabrairu kuwa sai sha biyu da kwata. Faɗuwarta ma haka: wajen 5:40 a farkon Nuwamba, wajen 6:20 a tsakiyar Yuli. Don haka wanda ya haddace cewa "Magariba ƙarfe shida ce" ya kama hanyar kuskure. Wata rana zai makara, wata rana kuma, in azumi yake, ya sha ruwa rana na kallonsa.

Tunda na ambaci azumi, nan ne hikimar ta fi fitowa fili. Shekarar wata ta gaza ta rana da kwana 11 ko kusa da haka, don haka Ramadan yana ja da baya, yana ratsa damina da hunturu da bazara, sai bayan shekara 33 ya komo inda ya taso. Azumin 1983, shekarar fari da gobarar daji da yunwar da ba za mu manta ba, shekarar da aka koro 'yan Ghana daga Najeriya, a watan Yuni ya kama. Na 2016 ma a Yuni ya kama. Ni na ga zagayen nan da idona, na farko ina da ƙarfina ina bin layin abinci, na biyu ina dogara sanda. Masu tsawon rai a cikinku za su ga Ramadan sau biyu a 2030, ɗaya a farkon Janairu, ɗaya a ƙarshen Disamba.

Mu a Accra, duk inda watan ya faɗo, azuminmu tsakanin awa 13 da 14 yake. Amma a 2016 mutanenmu na Landan da Hambog sun yi ta kai awa 18 zuwa 19 ba ci ba sha, ga aiki, ga ɗan guntun daren da dole a cusa buɗa-baki da Tarawihi da sahur a cikinsa. A tsakiyar lokacin zafinsu ma shafaƙi ba ya gama ɓacewa kafin alfijir ya keto, har sai da malamai suka zauna suka fitar musu da hanyar ƙaddara lokacin Isha'i da Asuba. Waɗanda ke inda rana ba ta faɗuwa kuwa aka ba su fatawar su bi lokutan Makka ko na gari mafi kusa da ke da dare da yini. Amma mutanen Landan da Hambog ɗin dai, idan azumi ya komo Disamba, awa 10 za su yi su sha ruwa, mu muna nan da 13 ɗinmu. Da an ɗaure Ramadan a watan rana guda, da wasu sun dawwama cikin wuya wasu cikin sauƙi. Da aka sake shi yana yawo, sai kowa ya ɗanɗana duka biyun.

To, 'ya'yana, ga inda na dosa. Na san abin da ke zukatan yawancinku. Ba a yin hira uku a wannan benci ba a ambaci biza ba. Ni kuwa ba zan hana ku tafiya ba, ina ni ina hanawa? Sunan wurin da muke zaune ma zango ne, masaukin matafiya. Kakanninmu da jakuna suka taso daga Kano da Katsina da Sakkwato, suka bi hanyar Gwanja fataucin goro, suka yada zango a Salaga, bayan yaƙin 1892 suka watsu zuwa Kete-Karachi da Kumasi har bakin teku. Jinin tafiya ne a jikinmu. Abin da nake roƙonku shi ne, duk wanda ya ba ku labarin wata ƙasa, ku tambaye shi Disambarta. Hotunan da kuke gani a Facebook, mutum tsaye cikin furanni rana na haska shi, hotunan Yuni ne. Ba mai ɗaukar hoton kansa ƙarfe biyar na asuba yana jiran bas cikin duhu da sanyi. Likitocin can sun san wata damuwa da ke kama mutane idan haske ya yi ƙaranci, kuma mu masu baƙar fata mun fi saurin rasa sinadarin bitamin D da jiki ke samu daga rana. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wanda ya san da dogon dare tun kafin ya tashi, ya tanadi haƙurinsa da abin rufarsa, shi ne in ya je ba ya karaya. Wanda kuwa ya tafi don ranar ƙarfe goman dare kawai, hunturun farko zai tambaye shi abin da ya kawo shi.

Kuma ba ƙasa kaɗai ke da Yuni da Disamba ba, mutum ma yana da su. Na ga masu kuɗin da unguwar nan ke tashi tsaye in sun shigo, na kuma ga ranar da suka rasa na koko. Na ga yaron da ake aike sayen gawayi ya zama mai ciyar da gida goma. In ka ga yinin wani ya yi tsawo, kada hassada ta ci ka, ba ka san daren da ke jiransa ba, ba ka kuma san wanda ya riga ya wuce ba. In naka ne ya yi tsawo, ka tuna manomin arewa, da ba ya cinye hatsinsa a kaka don ya san bazara na tafe.

Ku kuma da za ku zauna a nan tare da mu, ku san irin rabon da aka ba ku. Awon yini ne, ba ya ƙaruwa, ba a kuma ajiye shi a ci gobe. Bature yana iya cewa bari lokacin zafi ya zo in yi aikin da yamma, don yammarsa za ta miƙe har ƙarfe tara. Kai ba ka da wannan. Ranarmu a tsaye take nutsewa, ba a karkace ba, shi ya sa minti 20 da 'yan kai bayan faɗuwarta duhu ya rufa. Kun gani da idonku a shekarun dumso na yawan ɗauke wutar lantarki, wajen 2015, yadda tela da mai aski da ɗan makaranta suka koma lissafin aikinsu da hasken Allah. Iyayenku mata da ke dafa wake da shinkafa, da masu koko da ƙosai, da masu kai kaya kasuwar Nima ranar Laraba, ba su taɓa karanta abin da na gaya muku yau ba, amma sun fi ku aiki da shi: kafin alfijir wutarsu ta kama. Saurayin da ya kwana hira da waya, ya tashi ƙarfe sha ɗaya, ya zubar da awa biyar cikin sha biyunsa. Kusan rabin jarinsa ke nan, kuma gobe ba za a ba shi ƙari ba. Ba ina cewa ku bar zama da abokai ba ne, ai ni ma ga ni a cikinku. Amma zaman ya zama ladan aiki, bayan an tashi daga shago ko makaranta.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi ba ni tsoro, don ni ya ci. A Hambog, cikin watan Maris, yini yana ƙaruwa da wajen minti 4 kowace rana, ko makaho ya ji a jikinsa cewa lokaci na tafiya. Ganye ya zube, ƙanƙara ta sauka, fure ya fito, kowane wata yana yi wa mutum tuni. Mu a nan, in ka raba minti 39 ɗin nan a kan wata shida, abin da ke sauyawa a yini bai wuce sakan 13 ba. Wa zai ji sakan 13? Jiya kamar yau, yau kamar gobe. Sai mutum ya ce gobe zan koma makaranta, gobe zan fara koyon sana'a, gobe zan je in gai da gwaggo a Sabon Zongo, gobe zan nemi gafarar wanda na ɓata wa. Tunda goben kamarta ɗaya da yau, ba ya jin ya yi asarar komai. Haka na yi da karatun da malam ya so in zurfafa. Ina cewa bari in gama wannan ɗinkin, bari Sallah ta wuce. Ban ga ranar da gemuna ya yi fari ba, kamar yadda ban taɓa kama inuwar bango tana matsawa ba. Na dai waiwaya na tarar ta koma ɗaya gefen.

Don haka ga ɗan aikin da zan ba ku, ba ya cin ko sisi. Gobe in Allah ya kai mu, da tsakar rana, ku kafa ƙusa a kan katangar bayan shagon nan, ko sanda a inda ba mai tuntuɓe da ita, ku ja layi da gawayi inda inuwarta ta tsaya, ku rubuta kwanan wata. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci mako ya cika, washegari da tsakar rana ku sake ja. Mako na farko za ku ce Baba ya sa mu aikin banza. Kafin Afrilu za ku kira ni in zo in gani, in ina nan. Kuma duk wanda ya ja layi, ya tambayi kansa abin da ya ƙaru da shi tsakanin wannan layin da na baya: shafi nawa, ɗinki nawa, sidi nawa a asusu, zumunci nawa.

Ga shi inuwar gidan can ta haye titi ta taɓa bakin kwata, a watan nan alamar Magariba saura kaɗan ke nan. Mai shayi, zuba mini na ƙarshe, kada ka cika sukari. Ku kuma ku tashi ku kama buta tun layin famfo bai yi tsawo ba. Allah ya yi muku albarka, ya sa ku ga dogayen ranaku da gajeru cikin lafiya da imani. Wani ya kama mini hannu in miƙe.